Murya Ta Riga Baki: Tambayoyi da Amsoshi Kan Sautin da Ke Zamewa a Aikin Tace Bidiyo

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta dawowa daga masu ɗaukar biki, masu ɗaukar karatu da wa'azi, da yaran da ke koyon editin a shago. Na tara su wuri guda don na gaji da amsa su ɗaya bayan ɗaya a waya. Yawancin misalan na Premiere Pro ne da DaVinci Resolve, saboda a kansu na fi zama, amma ciwon ɗaya ne ko da CapCut kake aiki.

Oga, na jera sauti da hoto daidai a farko, amma kafin a kai ƙarshe baki daban murya daban. Ta ina zan fara?

Ɗauke hannunka daga kan sautin tukuna. Kada ka yanka, kada ka ja. Ka auna.

Nemi wuri uku: kusa da farko, tsakiya, da kusa da ƙarshe. A kowane wuri ka samo abin da ido da kunne za su yi shaida a kansa tare, kamar tafi, bugun ganga, ko kalmar da leɓe ke haɗuwa wajen faɗinta. Harafin b da m su ne abokan edita. Idan mai magana ya ce "bismillah" ko "Malam", akwai firem guda (wato hoto ɗaya daga cikin jerin hotunan da ke haɗuwa su zama bidiyo) da bakinsa ke rufe ruf, kuma a zanen sautin za ka ga inda muryar ta ɓarke. Ƙirga firem nawa ne a tsakani, ka rubuta a takarda, da wanda ya riga wani.

Lambobin nan uku su za su gaya maka sunan cutar. In tazarar iri ɗaya ce a ko'ina, misali firem 4 a farko, 4 a tsakiya, 4 a ƙarshe, to sautinka bai zame ba, an dai ajiye shi ne ba a mazauninsa ba, ja ɗaya ya wadatar. In tana ƙaruwa a tsanake, sifili a farko, 5 a tsakiya, 10 a ƙarshe, to sauti da hoto ba gudu ɗaya suke yi ba. In kuwa ba ta da kan gado, ta ƙaru nan, ta ragu can, ta sake tsalle gaba, to ka zargi fayil ɗin hoton kansa, musamman in da waya aka ɗauka. Akwai kuma wadda komai ke tafiya lafiya har minti 20, sai kwatsam a samu tazara ta tsaya a haka. Wannan ka duba inda fayil biyu suka haɗu, ko inda ka yi yanka.

Kowanne da maganinsa, kuma maganin wani yakan ƙara dagula wani.

Firem nawa ne sai a ce an samu matsala?

A bidiyo mai firem 25 a sakan, firem ɗaya milisakan 40 ne. Ma'aunin ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, ya nuna mai kallo yana fara tsarguwa idan murya ta riga baki da kimanin milisakan 45, amma idan baki ne ya riga murya, sai an kai wajen 125. Dalilin a fili yake: mun saba ganin mai faskare daga nesa ya sauke gatari kafin ƙarar ta iso mu, amma ba mu taɓa jin ƙara kafin sara ba. Saboda haka in ya zama dole ka yi kuskure, gara muryar ta makara da firem ɗaya da ta yi gaba.

Me ya sa bidiyon waya ne ya fi yi min wannan wulaƙancin?

Saboda waya ba ta cika alkawari. Ka saita ta a firem 30, amma ba 30 cif take ba ka a kowane sakan ba. In haske ya ragu, kamar wurin kamu da magariba ko ɗakin amarya mai kwan fitila ɗaya, sai ta rage yawan firem don kowanne ya sha haske. In ta yi zafi a rana, ko memori ya kasa karɓar abin da ake zuba masa, nan ma ta zubar da wasu. Tana yin haka ne tana rubuta wa kowane firem lokacinsa, shi ya sa in ka kunna bidiyon a wayar ko a VLC ba za ka ga komai ba. Manhajar kallo tana karanta lokutan nan tana bi.

Manhajar editin kuwa an gina ta ne a kan layi mai gidaje daidai wa daida, kowane firem da gidansa. Da ta ci karo da fayil mai firem 30 a nan, 22 a can, sai ta jera su kafaɗa da kafaɗa kamar duk tsawonsu ɗaya. Hoton ya gajarce, sauti kuma yana nan da tsawonsa. Tun daga inda wayar ta fara zubar da firem, baki ya tsere wa murya.

Don ka tabbatar, sauke MediaInfo, kyauta ce. Jefa fayil ɗin a ciki ka duba layin da aka rubuta Frame rate mode. In ka ga Variable, sai ka dubi mafi ƙanƙanta da mafi yawa da ta nuna a ƙasa. Kusan duk bidiyon waya Variable zai ce, don haka kalmar kaɗai ba hujja ba ce. In tsakanin 29.9 ne da 30.1, da wuya ya dame ka. In ka ga mafi ƙanƙanta ya faɗo 14 ko 17, ka kama ɓarawonka.

Haka abin yake ga ɗaukar fuskar kwamfuta ko ta waya, da bidiyon da aka sauke daga taron Zoom ko wani dandali.

To ya zan gyara irin wannan fayil?

Ka mayar da shi mai firem tsayayye kafin ya shiga aikin. HandBrake ita ce mafi sauƙi, ita ma kyauta ce. A shafin Video, zaɓi adadin da wayar ta yi niyyar ɗauka, wato in a 30 aka saita ta, ka sa 30. Sannan ka danna Constant Framerate. A nan mutane ke faɗawa rami, domin saitin da manhajar ke zuwa da shi yawanci Peak Framerate ne, kuma wannan yana barin firem ɗin da yawonsa. Sai mutum ya jira awa biyu yana juya fayil, ya dawo ya tarar an gudu ba a tsira ba. Lambar inganci ka sa ta tsakanin 16 da 18, ido ba zai ga ragi ba. Mai babbar ma'ajiya zai iya amfani da Shutter Encoder ya juya zuwa ProRes ko DNxHR, fayil ya yi nauyi amma kwamfuta ta ji daɗin jansa.

In ka riga ka yi nisa da yanke-yanke, ba sai ka fara daga farko ba. A Premiere, yi amfani da Replace Footage ka musanya tsohon da sabon, sannan ka bi yankan ɗaya bayan ɗaya, domin wasu za su ɗan gusa.

Premiere tana da zaɓin Preserve Audio Sync na irin waɗannan fayiloli, kuma yakan yi aiki a gajeren bidiyo. Ni dai a aikin da ya wuce minti goma ban yarda da shi ba, juyawa nake yi.

Da kyamara na ɗauka, ba waya ba. Sautin kuma daga mikisa na ja shi zuwa rikoda. Duk saitin daidai ne, amma a hankali suna rabuwa. Me ya faru?

Babu abin da ya lalace. Kowace na'ura tana da ɗan dutsen agogo a cikinta mai kaɗawa, shi ke gaya mata tsawon sakan ɗaya. Na kyamara daban, na rikoda daban, kuma ba a taɓa yin guda biyu da suka zo daidai cif ba. Kamar agogon bango biyu ne da aka saita tare ranar Juma'a, in wata ya zagayo sai ka ga ɗaya ya wuce ɗaya. Zafi ma yana taɓa su, rikodar da ke inuwa kusa da mai sauti da kyamarar da ke tsaye a rana ba yanayi ɗaya suke ciki ba.

Bambancin ƙanƙane ne. A ce kashi 50 cikin miliyan ne. A minti biyar ba za ka gani ba. A awa ɗaya ya zama milisakan 180, wato firem huɗu da rabi. A tafsiri na awa biyu ya kai firem tara, kuma a nan ko yaro zai ce maka bakin Malam ba ya tafiya da karatun. Shi ya sa masu ɗaukar fim ba su cika kuka da wannan ba, don suna yanke ɗauka duk bayan 'yan mintoci, amma masu ɗaukar lacca da walima kullum suna ciki.

Na taɓa kwana a kan wata lacca ina yanka sauti duk bayan minti biyar ina turawa da firem ɗaya. Yanka ashirin da wani abu na yi. Da gari ya waye mai aikin ya ce a cire minti uku daga gabatarwa, na yi kuskuren cirewa a layin hoto kaɗai, komai ya wargaje. Aikin minti biyu na mayar na dare guda.

Wane ne aikin minti biyun?

Miƙa sautin ko matse shi, sau ɗaya, daga farko zuwa ƙarshe.

Jera alamar farko daidai. Je alamar ƙarshe ka ga tazarar. A ce tsakanin alamomin biyu a hoto minti 90 ne, wato sakan 5400, kuma a sautin rikoda alamar ƙarshe ta makara da firem 9, wato sakan 0.36. Ke nan sautin yana da tsawon 5400.36, kana so ya koma 5400. Gudun da ake buƙata kashi 100.0067 ne cikin ɗari. Ka ga irin lambar da akwatin saita gudu na manhajoji da yawa ba zai karɓa ba, sai ya gutsure ta. Don haka kada ka wahalar da kanka da kaso. A Premiere, yanke sautin a kan alamar farko da ta ƙarshe, danna R don ɗauko abin miƙa sauti, ka ja wutsiyar har ta zauna a kan alamar hoton. A Audacity, zaɓi daga alama zuwa alama, buɗe wurin canza gudu, ka rubuta sabon tsawon da kake so kai tsaye, ka fitar da shi WAV.

Daga nan koma tsakiya ka duba. In tsakiya ta zauna, ka gama. In farko da ƙarshe sun zauna amma tsakiya ta kauce, to zamewar ba miƙaƙƙiya ba ce. Ko dai akwai matsalar firem a hoton, ko agogon ya canza gudu a hanya. Sai ka raba sautin gida uku ko huɗu, a wuraren da aka yi shiru, ka miƙa kowanne da kansa.

Muryar ba za ta canza ba?

A wannan ɗan ƙaramin kaso, ko mahaifiyar mai maganar ba za ta ji bambanci ba. Kuma kada ka kunna zaɓin riƙe kaurin murya, domin shi yakan yayyanka sautin ya sake ɗinkewa, wani lokaci ya bar ɗan kaɗawa a muryar. Ba ka buƙatarsa a nan.

An ce min 44.1 da 48 ne ke jawo duk wannan. Gaskiya ne?

Ana ɗora wa wannan laifin da ba nasa ba. Lambobin suna nufin sau nawa na'ura ke ɗiban sauti a sakan: 44,100 shi ne na faifan CD da yawancin waƙoƙi, 48,000 shi ne na harkar bidiyo. Manhajojin yanzu suna juya ɗaya zuwa ɗaya da kansu ba tare da tsawon ya canza ba. Matsala tana zuwa ne kawai idan an karanta fayil da lambar da ba tasa ba, kuma in hakan ta faru ba sai ka yi awo ba. Bambancin ya kusa kashi 9 cikin ɗari, kimanin sakan biyar a kowane minti. Fayil na 44.1 da aka karanta a 48 zai yi sauri, muryar dattijo ta sirance. Na 48 da aka karanta a 44.1 zai ja jiki, murya ta yi kauri kamar ta mai mura.

In zamewarka 'yan firem ce a awa, ba a nan gizo ke saƙar ba. Duk da haka, saita kyamara, rikoda da aikin kansa a 48 tun farko, ka huta da zargi.

Tawa zamewar kusan sakan uku da rabi ce a awa ɗaya. Wannan fa?

Wannan lamba tana da suna. Sakan 3.6 a awa shi ne bambancin firem 30 da 29.97, haka kuma na 24 da 23.976. Asalinsa daga Amurka ne. Talabijin ɗinsu na baƙi da fari firem 30 yake yi, da suka shigo da mai launi a 1953 sai suka rage gudun da kashi ɗaya cikin dubu don siginar launi kada ta yi karo da ta sauti. Talabijin ɗin ya wuce, lambar ta zauna mana a cikin kyamarori. Yawancin abin da kyamara ke kira 30, a gaskiya 29.97 ne.

Sai dai a lura da kyau. Ɗora bidiyo mai 29.97 a kan layin aiki mai 25 ba ya raba sauti da hoto, motsi ne kawai zai riƙa ɗan tsalle. Rabuwa tana zuwa ne idan an tilasta wa manhaja ta karanta fayil ɗin da wani gudu, ta Interpret Footage a Premiere ko Clip Attributes a Resolve, alhali sautin rikoda yana nan yadda yake. Je can ka mayar da shi gudunsa na asali. In kuwa bambancin ya kai sakan biyu da rabi a minti, to 25 aka karanta a matsayin 24.

Mu a Najeriya da Nijar wutarmu mai kaɗawa 50 ce, tsarin talabijin ɗinmu kuma 25. Saita kyamarorinka a 25 ko 50, ka rabu da lambobi masu wutsiya, ka kuma rage walƙiyar fitilu a hoto.

A layin aiki ba daidai ba, amma da na fitar da bidiyon sai na ga lafiya lau. Wanne zan yarda da shi?

Wanda ka fitar. Kwamfutarka ce ta gaji, tana kasa nuna hoton a kan lokaci yayin da sauti ke wucewa abinsa. Rage ingancin kallo zuwa rabi ko kwata, ko ka yi ƙananan kwafi na aiki. In aikin da ke lafiya jiya ya tashi yau a karkace, goge ma'ajiyar wucin gadi ta manhajar ka bar ta ta sake karanta sautin.

Sannan ka duba kunnenka. In abin jin sauti na Bluetooth ne, yana makara da milisakan 100 zuwa 300. Manhajojin kallo sukan ɓoye wannan, na editin ba kullum ba. Na sha ganin yaro ya ja sauti gaba da firem biyar don ya dace da abin da yake ji, ya ɓata aikin da ba shi da aibi. Ba a jera sauti sai da mai waya.

Komai daidai har wajen minti 20, sai ya yi tsalle. Na duba, a mahaɗar fayil biyu ne.

Memori mai girman 32GB zuwa ƙasa yawanci tsarin FAT32 yake da shi, wanda ba ya ɗaukar fayil da ya wuce 4GB. Don haka kyamara ke yanka doguwar ɗauka gida-gida. A kyamarorin AVCHD masu fayil ɗin MTS, bayanin yadda za a ɗinke gidajen yana cikin sauran foldodin memorin. Wanda ya shiga ya kwaso fayilolin bidiyo kaɗai ya bar allura da zaren a baya, sai a samu ɗan giɓin sauti a kowace mahaɗa. Kwafi memorin gaba ɗaya yadda yake, ka shigo da shi ta Media Browser na Premiere.

Wannan daban yake da tsofaffin kyamarorin hoto da ke tsayawa a minti 29 da sakan 59. Su da gaske suke tsayawa, abin da ya wuce kafin ka sake dannawa ya wuce. Kowane yanki sai ka jera shi da kansa.

Ta WhatsApp aka turo min bidiyon da sautin.

Ce a sake turowa a matsayin takarda, wato ta zaɓin Document, ko ta Google Drive, ko a kawo maka memori. Turawar yau da kullum matse fayil take yi ta sake gina shi. In kuma sautin MP3 ne, juya shi WAV mai 48 kafin ka shigo da shi, domin wasu MP3 masu nauyi mai hawa da sauka suna ruɗa manhaja wajen lissafin tsawo.

Na bar manhaja ta jera da kanta ta hanyar zanen sauti, ta ce ta yi, amma ina ganin muryar ta ɗan makara.

Ina ka kafa kyamarar? A irin zafinmu sauti yana tafiyar kusan mita 350 a sakan, wato mita 14 a firem ɗaya. In kana bayan zauren taro, mita 30 daga mai magana, makirfon kyamararka yana jin sa ne bayan firem biyu. Manhajar ta ɗauki sauti mai kyau na mikisa ta jera shi da wannan makararren, ta gado masa lattin. Ja shi gaba da firem biyu, ka tabbatar da ido a kan leɓe.

Na cire waƙar da aka ɗauka a wurin biki na ɗora ta asali mai tsabta, rawar ta ƙi haɗuwa.

Mai saka kiɗan ne ya ƙara wa waƙar wuta don fili ya ɗauka, abin da suka saba. Nemi bugu ɗaya a farko da ɗaya a ƙarshe ka matse ta asalin. A nan kam bambancin yana da yawa, sai ka saurara ka ga ko za ka riƙe kaurin muryar. In ya yi ta wasa da gudun a tsakiyar waƙa, yi haƙuri ka yi ta gida-gida.

In na sayi na'urar lambar lokaci irin Tentacle Sync, na rabu da matsalar?

Rabi. Tana buga wa kowane fayil lokacin da ya fara, sai jerawa ta zama dannawa ɗaya ko kyamara biyar ce. Amma ba ta riƙe linzamin agogon kyamara bayan an fara ɗauka. A ɗauka ta awa biyu ba yankewa, zamewar tana nan. Abin da ke hana ta shi ne a ɗaure na'urorin duka a kan agogo guda da waya, irin yadda gidajen talabijin ke yi, kuma ƙananan kyamarori ba su da wannan ƙofar.

Me zan yi ranar ɗauka don kada in sake shiga wannan?

Tun ran gini ran zane. Tafa hannu a gaban kyamara bayan kowa ya fara ɗauka, ka sake tafawa kafin kowa ya tsaya. Na ƙarshen shi ake mantawa, kuma shi ne mai ceto. In wurin ba ya ɗaukar tafi, kamar majalisin karatu, ɗan ƙwanƙwasa makirfo da yatsa a idon kyamara ya isa. Kada ka kashe makirfon kyamara ko da sautinsa ba shi da kyau. In da hali, ja waya daga mikisa kai tsaye zuwa cikin kyamara, sauti da hoto su hau agogo ɗaya. A iPhone kashe Auto FPS, ka kunna tsarin PAL don samun 25. Cire wa wayar riga, ka kare ta daga rana. Masu OBS, manhajar ɗaukar fuskar kwamfuta, su tabbatar makirfo a Windows da OBS ɗin duk suna kan 48.

Tsohon kaset ɗin bikin iyayenmu na juya zuwa kwamfuta, sautin ya gudu ya bar hoton.

Kaset ɗin VHS da ya shekara talatin a akwati ya miƙe a wasu wurare, ya tattare a wasu. Duk inda hoton ya yi rawa, 'yar na'urar USB mai araha sai ta yar da firem ɗin da ta kasa karantawa, sauti kuma bai tsaya jiranta ba. Kowace yagewa tana ƙara tazara. Da farko ka tabbatar an saita ɗaukar a PAL, firem 25. Maganin gaske shi ne na'urar da ke daidaita siginar kaset kafin ta shiga kwamfuta, wadda ake kira TBC, sai dai tana da tsada da wuyar samu. Wasu tsofaffin rikodojin DVD na Panasonic suna yin kusan wannan aikin in ka ratsa siginar ta cikinsu. In babu ko ɗaya, juya kaset ɗin a yanki-yanki, kana tsayawa a duk inda mai ɗaukar na wancan lokaci ya kashe kyamararsa, domin a waɗannan mahaɗun aka fi zubar da firem. Kowane yanki ka auna farkonsa da ƙarshensa ka miƙa shi. A irin wannan kaset ba za ka rasa alama ba, akwai kalangu, akwai guɗa.